Yadda Kamfanin Mota Zai Mayar da Aikin Motocin Lantarki Tsakiyar Birni: Abin da Aka Koya a Detroit

Shekaru masu yawa al'adar manyan kamfanonin ƙera motoci a Amurka ita ce su kafa cibiyoyinsu a bayan gari, inda fili yake da araha kuma kowane ma'aikaci ke zuwa aiki a motarsa. Hedikwatar Ford tana Dearborn, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar Detroit, birnin da yawan jama'arsa ya kai kusan miliyan 1.85 a 1950, amma ya ragu zuwa ƙasa da 640,000 a ƙidayar 2020, kuma ya bayyana a gaban kotu cewa ya tsiyace a 2013. A cikin wannan birni ne Ford ya zaɓi ya kafa cibiyar aikinsa na motoci masu amfani da lantarki da masu tuƙa kansu, a unguwar Corktown. Wannan jagora an rubuta shi ne domin shugabannin kamfani da jami'an birni da ke tunanin irin wannan ƙaura, kuma ya dogara ne a kan abin da ya faru a can, wanda ya yi kyau da wanda ya ci tura.

Abin da za a fara yi shi ne a tantance sashen da zai koma birni, domin ba masana'anta ake ɗauka a kai ba. Wurin harhaɗa mota yana buƙatar ɗaruruwan eka, da layin dogo, da hanyar manyan motocin dakon kaya, kuma babu unguwar da za ta ɗauki wannan ba tare da an tashi mutane ba. Detroit ta ɗanɗana haka a 1981, lokacin da aka rushe unguwar Poletown, aka raba mutane fiye da 4,000 da gidajensu domin gina masana'antar General Motors. Shi ya sa Ford ya ajiye aikin ƙera motarsa ta lantarki F-150 Lightning a rukunin masana'antunsa na Rouge a Dearborn, Mustang Mach-E kuma a ƙasar Mexico. Waɗanda ake kai wa birni su ne masu rubuta manhaja, da masu zana fasalin mota, da masu nazarin bayanai, da masu tsara dabarun kasuwanci. Dalili biyu ne ke sa a kai su. Na farko, waɗannan ƙwararru kamfanin mota yana takararsu ne da kamfanonin fasaha irin su Google da Apple, kuma da yawansu matasa ne da suka fi son zama inda za su taka da ƙafa zuwa wurin aiki da wurin cin abinci. Na biyu, motar da za ta tuƙa kanta tana koyo ne daga titi mai cunkoso, inda akwai mai keke, da mai tsallaka hanya ba a kan ƙa'ida ba, da bas da ta tsaya ba zato. Duk sashen da bai shiga ɗayan waɗannan dalilai biyu ba, a bar shi inda yake.

Bayan haka a fara da ƙaramin ayari kafin a sayi babban gini. A watan Disamba na 2017 Ford ya sanar da cewa zai mayar da ma'aikata kimanin 220 zuwa wata tsohuwar masana'antar safa a kan titin Michigan Avenue, kuma suka tare a 2018. Cikinsu akwai ayarin da ake kira Team Edison, mai kula da shirin motocin lantarki. Irin wannan gwaji yana nuna abubuwan da takarda ba ta nunawa: ko ma'aikata na samun wurin ajiye mota, ko sintiri tsakanin birni da hedikwata yana cinye lokacin aiki, ko sababbin ƙwararru sun fi amsa tayin aiki idan sun ji inda ofishin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gyara kuskuren da ya shafi mutum ɗari biyu ya fi sauƙi a kan wanda ya shafi dubu biyar.

Zaɓen gini shi ne inda kuɗi ke tafiya, don haka ya kamata a dakata a nan. Ford ya sayi tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central da ke Corktown a 2018 daga iyalan Moroun a kan dala miliyan 90. An buɗe tashar ne a ƙarshen 1913, jirgin fasinja na ƙarshe ya bar ta a watan Janairu na 1988, daga nan ta zauna kufai shekara talatin, tagogi a farfashe, ɓarayin ƙarfe sun kwashe abin da za su iya kwashewa, har hotonta ya zama alamar durƙushewar Detroit a idon duniya. Amfanin sayen irin wannan gini a fili yake, domin sunansa kaɗai ya ja hankalin da talla ba za ta ja ba, kuma ya sa mutanen gari suka karɓi aikin a matsayin nasu. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar sayen, wani da bai bayyana sunansa ba ya dawo da tsohon agogon tashar da aka ɗauke shekarun baya, ya ajiye shi a nannaɗe a wani wuri, ya aika wa kamfanin saƙon inda za a same shi.

Sai dai wanda zai bi wannan hanya ya san cewa tsohon gini ba ya nuna ciwonsa sai an buɗe shi. Sai da aka zuƙe ruwa galan miliyan 3.5 daga ƙarƙashin tashar kafin a fara gyaran gaske. Da aka zo maye gurbin duwatsun da suka lalace, sai da aka sake buɗe ma'adinar dutse da ke jihar Indiana, wadda daga ita aka sassaƙo na asali kuma ta daɗe a rufe, domin sabon dutsen ya yi daidai da tsohon. Adon bango da na tagogi da suka ɓace an sake su ne ta hanyar ɗaukar siffar ragowar da na'ura, sannan wata na'urar ta ƙera sabo. Kasafin farko na rukunin baki ɗaya, wato tashar da sauran gine-ginen da ke kewaye da ita, dala miliyan 740 ne, amma ya doshi miliyan 950, kuma ba a sake buɗe tashar ba sai ranar 6 ga Yuni, 2024, shekara shida bayan saye, annobar korona ma ta ƙara jinkirin. Saboda haka a tanadi kuɗin ko-ta-kwana mai kauri, a ɗauki injiniyoyin da suka san tsofaffin gine-gine su duba tushe da rufi tun kafin a sa hannu, kuma a tsara aikin daki-daki ta yadda wani gini zai fara amfani alhali ana kan gyaran wani.

Maganar unguwa ita ce wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a ganina ita ce mafi nauyi. Corktown ita ce unguwa mafi tsufa a Detroit, sunanta ya samo asali ne daga baƙin da suka zo daga yankin Cork na ƙasar Ireland, kuma tana maƙwabtaka da Mexicantown, inda iyalai 'yan asalin Latin Amurka suka daɗe da zama. Mutanen nan sun zauna a lokacin da kowa ke gudu, sun ga yadda aka rushe wani ɓangare na unguwarsu domin manyan hanyoyi a shekarun 1950 da 1960. Idan dubban ma'aikata masu albashi mai tsoka suka shigo, kuɗin haya da na gidaje zai tashi, kuma wanda zai fara tashi shi ne ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi. Kamfanin da bai yi lissafin wannan ba tun farko ya ci amanar maƙwabtansa, ko da bai yi niyya ba.

Detroit tana da dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 2016, wadda ta tilasta wa duk aikin da ya kai dala miliyan 75, kuma ya samu tallafin birni na aƙalla dala miliyan ɗaya, ya zauna da kwamitin mutum tara daga unguwar da abin ya shafa. A ƙarƙashin wannan doka Ford ya amince da ware dala miliyan 10: rabi domin ilimi da koyar da sana'a, sauran kuma a raba tsakanin gidaje masu sauƙin haya da gyaran unguwa. A ɗaya ɓangaren, majalisar birni ta amince masa da sassaucin haraji na kimanin dala miliyan 104 a watan Oktoba na 2018, kuma idan aka haɗa da na sauran hukumomi adadin ya kai kusan miliyan 239 a tsawon shekaru. Duk wanda ya ajiye waɗannan alƙaluma gefe da gefe zai fahimci dalilin da ya sa wasu mazauna suka ce abin da aka ba su bai taka kara ya karya ba. Jami'an birni su shiga irin wannan ciniki da sanin cewa harajin da aka yafe kuɗin jama'a ne, su nemi a rubuta alkawuran da adadi da lokaci, kuma su fara tanadin gidaje masu sauƙin haya kafin farashin fili ya tashi. Detroit ta samu tallafin dala miliyan 30 daga gwamnatin tarayya a 2021 domin gidaje a yankin Corktown, abin ya taimaka, amma ya zo ne shekara uku bayan sanarwar da ta riga ta motsa kasuwar.

Daga nan sai batun gwaji a kan titi. Kada a fitar da mota marar direba cikin jama'a sai ta ƙware a filin gwaji da aka killace, irin Mcity na Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, wanda aka buɗe a 2015 a kan eka 32, da titunansa da fitilun hanya da gine-ginen kwaikwayo. Idan lokacin shiga gari ya yi, a nemi birni ya keɓe yanki mai iyaka sananniya inda za a riƙa ba da izinin gwaji cikin sauri amma bisa sharuɗɗa, kamar yadda Detroit ta yi a kewayen tashar. A wannan yanki ne aka buɗe wani ɓangare na titin 14th Street a watan Nuwamba na 2023, mai tsawon kimanin mita 400, wanda aka binne faifan tagulla a ƙarƙashin kwaltarsa domin ya yi wa motar da ke da na'urar karɓa caji tana cikin tafiya. Tun a wannan mataki ya kamata a zauna da kamfanin rarraba wutar lantarki, domin wuraren caji masu sauri suna jan wuta mai yawa, kuma tsofaffin layukan unguwa ba a yi su domin haka ba.

Abin da ya faru da Cruise, reshen General Motors a San Francisco, ya isa gargaɗi. A ranar 2 ga Oktoba, 2023, wata mota mai direba ta buge wata mata, ta jefa ta gaban motar Cruise marar direba. Motar ta tsaya, sannan ta yi ƙoƙarin komawa gefen hanya, ta ja matar a ƙasa kimanin mita shida. Bayan kimanin makonni uku hukumar kula da motoci ta California ta dakatar da izinin kamfanin, tana zarginsa da rashin nuna mata cikakken abin da ya faru, kuma a watan Disamba na 2024 General Motors ya daina zuba kuɗi a shirin tasi marar direba. Kafin mota ta farko ta fita, a rubuta tsarin abin da za a yi idan haɗari ya auku: wanda zai sanar da hukuma, cikin awa nawa, da sharaɗin cewa za a miƙa bidiyo da bayanai dukansu ba tare da an rage komai ba. A kuma horar da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda yadda za su tsayar da motar ko su kashe wutar batirinta.

Kada kuma a ɗaura makomar ginin a kan fasaha guda ko kamfani guda. Ford ya yi alkawarin zuba dala biliyan ɗaya a kamfanin Argo AI na Pittsburgh, mai haɗa fasahar motoci masu tuƙa kansu, a 2017, Volkswagen ya shigo daga baya, amma a watan Oktoba na 2022 aka rufe Argo, Ford ya rubuta asarar dala biliyan 2.7, ya karkata ga na'urorin da ke taimaka wa direba maimakon maye gurbinsa. A lokacin ana tsakiyar gyaran tashar. Da an gina rukunin domin motoci masu tuƙa kansu kaɗai, da ya rasa dalilin wanzuwarsa tun kafin a buɗe shi. Abin da ya cece shi shi ne tun farko an tsara cewa daga cikin ma'aikata 5,000 da ake sa ran samu a yankin mai eka 30, rabi ne kawai za su kasance na Ford. Tsohon ma'ajin littattafan makarantun birnin da ke kusa da tashar an gyara shi, aka buɗe shi a watan Afrilu na 2023 a ƙarƙashin wata cibiya mai suna Newlab, inda ƙananan kamfanoni masu tasowa ke aiki a kan batir da jirage marasa matuƙi da na'urorin caji, suna amfani da ɗakunan gwaji da kayan aikin da ba za su iya saye su kaɗai ba. Google ma ya shiga a matsayin abokin kafawa a 2022, yana koyar da ɗaliban sakandare ilimin kwamfuta.

Domin haka a ba wa rukunin shugabanci nasa na daban, wanda ke da ikon ba da haya har ga waɗanda ke takara da uwar kamfanin, a zana ɗakunan ta yadda ofis zai iya komawa ɗakin gwaji ba tare da rushe-rushe ba, kuma a bar benen ƙasa a buɗe ga jama'ar gari da shaguna da wurin taro. Birni a nasa ɓangaren ya sanya a cikin yarjejeniyar sassaucin haraji cewa kamfani zai riƙa bayyana, duk shekara, adadin mutanen da ke aiki a wurin da kuma nawa ne daga cikinsu mazauna birnin, tare da sharaɗin rage sassaucin idan adadin ya gaza abin da aka yi alkawari.