Yadda za ka koya wa kwamfuta kalmar "galibi"

Ɗalibaina kan yi dariya idan na buɗe darasin nan da jimina. Tsuntsaye galibi suna tashi, jimina kuwa tsuntsuwa ce, amma ko ka kore ta sai dai ta sheƙa a guje. To ta yaya kwamfuta za ta riƙe ƙa'idar farko ba tare da ta ce jimina na tashi ba? Masanin kimiyyar kwamfuta Raymond Reiter ya tsara lissafin irin waɗannan ƙa'idoji a 1980, amma ni hanyar wani masanin, Phan Minh Dung, ta 1995 nake bi, don tana zanuwa a takarda.

Ɗauki biro tukuna, bar kwamfuta ta huta. Rubuta abin da ka tabbatar gefe guda, ƙa'idojin "galibi" gefe guda. Sai ka gina hujjoji. Hujja A ta ce: tsuntsuwa ce, saboda haka tana tashi. Hujja B ta ce: jimina ce, saboda haka ba ta tashi. Sa kowace cikin da'ira, ka ja kibiya daga hujja zuwa wadda take suka. A nan kibiyoyi biyu ne, kowace na sukar 'yar'uwarta.

Aikin fifiko shi ne goge kibiya. Ƙa'idar da ta keɓanta ga jimina ta fi ta tsuntsaye baki ɗaya ƙarfi, don haka goge kibiyar A zuwa B. Lauyoyi sun daɗe da sanin wannan: doka ta musamman tana rinjayar ta gama-gari, sabuwa tana rinjayar tsohuwa. Masana Henry Prakken da Giovanni Sartor ma, a tsarinsu na 1997, sun bari a yi gardama kan fifikon kansa.

Yanzu karɓi duk hujjar da babu kibiyar da ke nuna ta, soke waɗanda ta soka tare da kibiyoyinsu, ka maimaita har abin ya tsaya. B ta tsira, A ta faɗi.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne hujja mai ƙa'idoji uku a jere, kowace na dogara kan wadda ta gabace ta. Da wacce za a auna ƙarfinta, ta ƙarshe ko mafi rauni? Amsoshin kan bambanta. Ni a harkar doka, ƙa'idar ƙarshe nake ɗauka, a abin da ya shafi gani da ji kuwa mafi rauni. Ka dai zaɓa tun kafin ka ga sakamako, in ba haka ba son zuciya zai zaɓa maka.

Wani lokaci babu fifikon sam. Richard Nixon, tsohon shugaban Amurka, ɗan ɗarikar Kirista ta Quaker ne, su kuwa galibi ba sa son yaƙi. Kuma ɗan jam'iyyar Republican ne, su galibi ba haka suke ba. Kada ka goge kibiya ko ɗaya. Bar kwamfuta ta ce ba ta yanke hukunci ba.