Yadda ake haɗa IPv6 a ƙaramar cibiyar intanet ba tare da kwastomomi sun gudu ba

Masu sayar da wayfai a Agege, Idi-Araba da Mile 12 da yawa suna kunna IPv6, sabon tsarin adireshin intanet da ya biyo bayan IPv4, a rautarsu, su ga Facebook ya buɗe, su ɗauka an gama. Kwana biyu sai ƙorafi ya fara shigowa.

Kafin ka taɓa rauta, kira kamfanin da ke ba ka intanet. Kada ka tambaye su ko suna da IPv6, don mai amsa waya zai ce eh kawai. Tambayi girman kason adireshin da za su ba ka, kuma ko ta DHCPv6-PD suke bayarwa, wato hanyar da rauta ke karɓar kaso kai tsaye daga kamfani. Idan /64 ne, wato ƙaramin kaso, layi ɗaya tak za ka iya yi da shi. Ka nace sai /56, wanda ke ɗauke da /64 guda 256: ofis nasa daban, kwastomomi nasu daban, kyamarori ma haka. Ka kuma tambaya ko kason tsayayye ne. A Legas wuta na ɗaukewa sau da yawa a rana, kuma in kason na canzawa duk lokacin da rauta ta tashi, wayoyi kan riƙe tsohon adireshi su yi ta lalube. Wasu kamfanonin sai ka ƙara kuɗi kafin su tsayar maka da shi. Biya, ya fi arha a kan ciwon kai.

In rautar MikroTik gare ka mai manhajar RouterOS 6, sai ka kunna kunshin IPv6 da kanka. A 7 yana ciki. Adireshin da ya fara da fe80 na cikin gida ne, ba ya fita waje. Na kamfanonin da suka karɓa daga AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, yawanci da 2c0f yake farawa. Raba wa na'urori ta SLAAC, inda kowace na'ura ke haɗa wa kanta adireshi, saboda wayoyin Android ba sa karɓar adireshi ta DHCPv6 na yau da kullum, inda rauta ke miƙa wa kowa nasa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne katangar tsaro. Mutum ya saba toshe ping (saƙon gwada ko na'ura na amsawa) a IPv4, sai ya zo ya toshe ICMPv6, saƙonnin sanarwa na IPv6, gaba ɗaya. A nan kuwa da shi na'urori ke gane maƙwabtansu da rautarsu, saƙonni masu lamba 133 zuwa 136. Mafi hatsari shi ne lamba 2, mai sanar da cewa fakiti, wato ƙunshin bayanai, ya yi girma. Rautocin hanya ba sa datse fakitin IPv6, mai aikawa ne ke rage shi in an faɗa masa. Layin PPPoE, wanda ake shiga da suna da kalmar sirri, fakiti mai bayit 1492 yake ɗauka maimakon 1500, don haka in ka toshe saƙon, shafi zai fara buɗewa ya tsaya cak, bidiyo ya maƙale, kai kuma kana zagin kamfani. Bar ICMPv6 ya wuce. Buɗe ƙofar UDP 546 ma, in ba haka ba kason ba zai iso ba. Sauran duk abin da ya taso daga waje ba a nema ba, a yar da shi, tunda yanzu babu NAT, mai ɓoye na'urori a bayan adireshi ɗaya, da kyamararka za ta laɓe a bayansa.

Masu sayar da tikiti ku lura: Hotspot na MikroTik, shafin da ke neman tikiti, IPv4 kawai yake tsarewa, ta IPv6 mutum zai iya wucewa bai biya ba. Kada ku saka IPv6 a layin tikiti tukuna.

IPv4 kuma a bar shi a kunne tare da sabon. Gwada da test-ipv6.com a waya da kwamfuta, kashe rauta ka kunna, ka sake gwadawa.