Yadda ake gyara fomular Excel idan ta daina lissafi bayan an sa sabon Office

Tun da Microsoft ya daina kula da Office 2016 da 2019 ran 14 ga Oktoban 2025, mutane ke ta kai kwamfutocinsu ana sa masu sabo, to amma nan Birnin Kebbi ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Mai sayar da shinkafa ya rubuta buhu 40 kan naira 60,000, jimilla ta ba shi 2,400,000, ya maida buhunan 45 jimillar ta tsaya cik, alhali 2,700,000 ya kamata ya gani. Abin da ke ɗaga min hankali shi ne ba wani saƙon kuskure da zai fito, lambar na nan zaune lafiya lau, sai mutum ya biya kuɗi ko malami ya buga sakamakon ɗalibai da tsohon lissafi bai sani ba.

Don Allah kar ka bari a ce maka sai an goge kwamfutar gaba ɗaya, yawanci saiti ɗaya ne ya juya.

Kafin ka taɓa komai, kwafe fayil ɗin ka ajiye a filas. Sannan ka buɗe shi, in ka ga wani layi ruwan ɗorawa a sama, danna Enable Editing, don fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp ko imel a kulle yake buɗewa.

Yanzu je ka Formulas a saman allo, danna Calculation Options. In ka tarar an zaɓi Manual to ka kama ɓarawon, maida shi Automatic ka yi sebin. Amma tsaya ka ji inda mutane ke shan wahala, Excel yana ɗaukar wannan saitin ne daga fayil na farko da ka buɗe, sauran duk su bi shi, wato in akawunku ya turo maka fayil daga Jega wanda aka ajiye a Manual kuma shi ka fara buɗewa da safe, to naka fayil ɗin ma ya daina lissafi, in ka yi sebin a haka kuma ya tafi da cutar wurin duk wanda ka tura wa. Shi ya sa wani zai gyara yau gobe abin ya dawo har ya fara zargin mai gyara. Rufe komai, ka riƙa buɗe fayilolin da ka saba aiki da su ɗaya bayan ɗaya, kana rufe kowanne kafin ka buɗe na gaba, duk wanda ka samu a Manual ka juya shi ka yi sebin.

Bayan nan danna Ctrl da Alt da F9 tare, ya sake lissafa komai daga tushe. F9 kaɗai abin da ya canza yake lissafawa. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn.

In kuma fomular ce da kanta ke fitowa a akwatin, kana ganin =B2*C2 maimakon amsa, duba ko an kunna Show Formulas a nan cikin Formulas ɗin, kashe shi. In a kashe yake, an maida akwatin Text ke nan, je ka Home ka maida shi General, sai ka danna F2 sannan Enter. Wannan F2 ɗin shi ake mantawa, in ba ka danna ba babu abin da zai motsa.

Akwai kuma lambobin da Excel ke ɗauka a matsayin rubutu, irin wanda ake kwafowa daga takardar banki, za ka gan su sun jingina hagu da ɗan koren alama a kusurwa, SUM kuwa, wato fomular haɗa jimilla, tsallake su yake yi shiru. Zaɓe su duka, danna alamar gargaɗin da ta fito, ka zaɓi Convert to Number.

Wani lokacin kuma sabon da aka ce an sa maka ba sabo ba ne. In ka ga #NAME? tare da _xlfn. a cikin fomula, fayil ɗin na amfani da abu irin XLOOKUP, wanda sai Office 2021 zuwa sama ko Microsoft 365 ke gane shi. Duba File sannan Account ka ga wanne aka sa maka, ka koma wurin mai gyaran da wannan bayanin.

Masu amfani da LibreOffice maimakon Excel, naku na cikin Data, Calculate, ku kunna AutoCalculate, sannan Ctrl da Shift da F9.

Da ka gama, canza lamba ɗaya ka ga jimilla ta motsa, ka rufe Excel gaba ɗaya ka sake buɗewa ka gwada kuma. Duk rasit ko sakamakon da ka fitar tun ranar da aka sa sabon Office ɗin, koma ka sake duba su da kalkuleta.