Yadda ake buga wasan CHSH da hula da kati

In kana son nuna wa ɗalibai inda ka'idar wasanni, wato lissafin dabarun 'yan wasa, ta haɗu da kimiyyar kwantam, wato kimiyyar ƙananan ƙwayoyi irin na haske, ba sai ka jira an gina maka ɗakin gwaji ba. Mutum uku kake buƙata, da hula biyu, da kati huɗu, da takardar rubuta sakamako. Wasan ya samo sunansa daga Clauser, Horne, Shimony da Holt, masanan da a 1969 suka mayar da hujjar John Bell ta 1964 abin da za a iya aunawa, wato hujjar cewa ƙwayoyin kwantam na iya dacewa da juna fiye da yadda duk wata dabarar da aka ƙulla tun farko za ta iya bayarwa.

Mutum ɗaya alƙali ne, biyu 'yan wasa, a ce Amina da Bala. Su biyun ba abokan hamayya ba ne, tare suke ci, tare suke faɗuwa. A kowace hula ka sa farin kati ɗaya da ja ɗaya. Bar su su ƙulla dabara iya son ransu, sannan ka raba su, ɗaya a aji, ɗaya a baranda, ka karɓe wayoyi. Nan kam ba na sassauci, don tari ɗaya ya isa ya lalata wasan.

Alƙali zai zaro wa kowa kati daga hularsa ba tare da ya leƙa ba. Kowa ya ga nasa kaɗai, ya rubuta "e" ko "a'a", a mayar da katin. In duka biyun suka samu ja, sai amsoshinsu sun saɓa za su ci. In ba haka ba, sai sun zo ɗaya. Ku yi zagaye arba'in ko fiye, domin a zagaye kaɗan sa'a na iya ruɗin ku.

Ba a daɗewa ɗalibai ke gano cewa in kullum suka ce "e", za su ci kusan kashi 75 cikin 100. Daga nan gardama ke tashi, kowa na rantsuwa akwai dabarar da ta fi. Kada ka yi saurin ba su amsa. Sa su rubuta a allo abin da cin kowane zagaye ke buƙata. Amsar Amina ga ja dole ta zama ta Bala ga fari. Ta Bala ga fari dole ta zama ta Amina ga fari, ita kuma dole ta zama ta Bala ga ja. Ka ga ke nan amsoshinsu ga ja sun zama ɗaya, alhali doka ta ce su saɓa. Dabarun duka 16 ne, kuma babu wadda ta wuce uku cikin huɗu. Ko ƙuri'a suka riƙa jefawa don zaɓen dabara, ba ta sauya zani ba.

Yanzu a ɗauko kalkuleta. Ka ce musu a ƙaddara kowannensu na riƙe da ƙwayar haske ɗaya daga tagwayen da aka sarƙe da juna, wato waɗanda sakamakon awonsu ke da alaƙa ko da an raba su, da gilashin tace haske da ake juyawa. In ƙwayar ta wuce, "e", in ba ta wuce ba, "a'a". Amina za ta saita gilashinta a digiri 0 in ta ga fari, 45 in ja. Bala kuwa 22.5 in fari, −22.5 in ja. Yiwuwar amsoshinsu su zo ɗaya ita ce cos² na tazarar kusurwoyin. A yanayi uku tazarar 22.5 ce, lissafi ya ba da 0.854. In ja da ja ne, tazarar 67.5 ce, dacewa ta faɗi zuwa 0.146, wato saɓanin da ake nema ya kai 0.854. Cin ya haura kashi 85.

Wani zai ce ai saƙo ƙwayoyin ke aika wa juna. Nuna masa takardar Amina ita kaɗai: "e" da "a'a" rabi da rabi ne, ko wane kati Bala ya samu, don haka ba ta san komai game da nasa ba. An kuma gwada abin a zahiri. A 2015, a Delft ta ƙasar Holan, an yi gwajin da wurare biyu masu tazarar kilomita 1.3, sannan a 2022 Aspect, Clauser da Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel kan irin wannan aiki.

Aikin gida da nake bayarwa shi ne su sauya kusurwoyin su nemi abin da ya fi 0.854. Ba za su samu ba, domin Boris Tsirelson ya tabbatar a 1980 cewa iyakar kwantam ke nan, amma ba na faɗa musu sai sun dawo da lissafinsu.