Yadda na gyara kwalin wani tsohon faifan bishara

Cikin faya-fayan waƙoƙin bishara da nake tarawa akwai wanda wata ƙaramar majami'a a kudancin ƙasar Amurka ta buga da kuɗinta a shekarun 1970, kuma da hannu aka liƙa hoton mawaƙan a kan farin kwali. Danshin damina ya sa fumfuna ta kama kwalin, gefensa kuma ya tsage. Ban bari ruwa ya taɓa hoton ba, don kada tawadarsa ta zube. Na shanya shi a inuwa kwana 3, na kakkaɓe fumfunar da burushi mai laushi, sannan na liƙe tsagar ta ciki da dafaffen sitacin alkama, na danne da littattafai har ya bushe. Na guji salatif, domin idan ya tsufa yakan bar tabon da ba ya fita.