Yadda Ake Shan Coartem, Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro

A fara yin gwajin jini, don ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba.

1. Mai nauyin kilo 35 zuwa sama zai sha ƙwaya 4 masu ƙarfin 20/120mg. Na yara, likita ke ƙayyadewa bisa nauyinsu.
2. Bayan awa 8 a sake shan 4, sannan safe da dare na kwana biyu. Sau 6 ke nan.
3. A haɗa da madara ko abinci mai maiƙo. In babu maiƙo, maganin ba ya shiga jini sosai.
4. In an yi amai cikin awa ɗaya, a sake sha.
5. Kar a daina don an ji sauƙi. Ragowar ƙwayoyin cutar ne ke dawo da zazzaɓin.

Mai juna biyu ko ciwon zuciya a fara sanar da likita. In ana jijjiga ko amai ya ƙi tsayawa, sai asibiti nan take.