Ɓoye ɗacin magani da rezin: inda ake yin tuntuɓe

Duk wanda aka taɓa ɗura wa kulorokwin yana yaro ya san ɗaci, ko maɗaci albarka. Masu haɗa magunguna na da dabarar kashe irin wannan ɗaci, wato su ɗaure maganin a jikin rezin, wani gari mai ɗauke da caji wanda ba ya narkewa a ruwa. A baki, inda pH ɗin yawu (ma'aunin tsami, wanda ƙanƙantar lambarsa ke nuna yawan tsami) yake wajen 6.8, magani na maƙale, harshe bai ji komai ba. Da zarar ya faɗa ciki, inda tsami ke kai pH 1 zuwa 2, sai ayon ɗin haidurojin, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke cikin tsami, su ture shi su hau gurbinsa. Musaya ce kawai. Matsalar ita ce duk wani gishiri ko tsami na iya yin wannan turi tun lokaci bai yi ba.

Shi ya sa ruwa ne farkon abin zargi. Na taɓa ganin ɗalibi ya kwana biyu yana juya haɗi, ɗaci ya ƙi tafiya, ashe da ruwan famfo ya jiƙa rezin ɗin. Kalsiyam da sodiyam na cikin ruwan sun riga magani zama. Tataccen ruwan da aka cire wa gishiri ake so, kuma a bar rezin ya sha ya kumbura kafin a zuba magani, don busasshe ƙofofinsa a rufe suke.

Zaɓen rezin ma kan kuskure. Yawancin magunguna masu ɗaci, irin su kwinin da sifurofulokzasin, cajinsu na alamar tarawa ne, don haka rezin mai sassaucin asid ya dace da su, kamar Amberlite IRP64 ko Indion 204 na Indiya. Mai ƙarfi irin IRP69 riƙonsa ya fi tsanani. Danginsa ne a cikin Delsym, maganin tari na Amurka mai aikin awa 12. Ga maganin da ake so ya saku da wuri, wannan cikas ne. Kada a tsaya ga ɗanɗano, a gwada sakinsa a ruwan asid mai kama da na ciki.

Idan an bar haɗin ya yi tsami lokacin ɗaurewa, rezin mai sassauci ba ya kama komai. A kuma gwada awo dabam-dabam, kashi 1 na magani da 1, da 2, da 3 na rezin, a ga inda ɗaci ya mutu. Bayan nan a tace a wanke, domin ɗan abin da ya rage a sama bai ɗauru ba ya isa ya ɓata aikin.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na sirof. An gama komai lafiya, sai a jibga sodiyam sitiret ko sakarin mai sodiyam don gyara ɗanɗano. Ranar farko zaƙi zaƙwai, bayan makonni yana ajiye ɗaci ya dawo. A rage su iya ragewa, a riƙa ɗanɗana samfur yana ajiye.

A gida ma haka ne. Uwa ta dama irin wannan magani a kunun tsamiya ko zoɓo don yaro ya sha, sai tsamin ya kwance ɗaurin tun a kofi, yaro ya furzar. A girgiza kwalbar sosai, a ba shi a cokalinsa, a bi da ruwa.